Kada Ka Turo Macen

Unguwar Gabas, Dutsin-Ma,
28 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga ƙanena Misbahu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mardiya da yara, Allah ya sa zaman Legas ya ci gaba da yi muku albarka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har tana zagaya gida ba sanda. Batula ta sauka ranar Litinin, an samu mace, za a sa mata Lauratu.

Na ga saƙonka cewa ka samo macen irin karen nan na ƙasar sanyi, haski, kana shirin sa ta a mota ta zo ta zauna da namijin da ka aiko mana, Bature. Dalilin rubutun ke nan. Bature ya mutu ranar tara ga wannan wata. Sau biyu ka kira tun daga ranar ka tambaye shi, na ce maka yana nan. Ƙarya na yi, bakina ne ya kasa, shi ya sa na koma ga alƙalami.

Bari in faɗa maka yadda zama da shi yake, don kai kwana uku kawai ka yi da shi kafin ka turo mana shi gidan gonarmu na Birchi, wurin Hajiya, don gadi. Ba ya gadi. Duk baƙon da ya shigo, da kaɗa wutsiya yake tarbarsa. Ba ya haushi, sai wani dogon kuka da ya sa maƙwabta suka turo a tambaya ko lafiya, ka san yadda mutanenmu ke ɗaukar kukan kare. Ya haƙa ƙarƙashin danga ya kashe zabi shida na Malam Almu wanzami. Ya ƙi sauran tuwo, sai kifin dam ɗin Zobe da ƙwai. Gashinsa kuwa ya shiga ko'ina, har dardumar salla. Hajiya ta ce wannan ba kare ka aiko mata ba, suruki ne mai zaɓen abinci.

Amma ban taɓa ganin dabba mai son mutane kamarsa ba. Idan ba a fita da shi ya yi gudu ba, sai ya yi ta ɓarna, don haka kullum bayan asuba nakan hau keke ya ja ni har kusa da Kurfi mu dawo. Wata shida muna haka. Ni da likita ya yi shekaru yana fama da ni in motsa jiki, kare ne ya iya da ni. Hajiyar da ta hana shi ƙetare zaure, ita ce ta koma cire masa ƙayar kifi da hannunta, tana yi tana yi masa faɗa.

Da bazara ta kama sai ya canja. Ya daina gudu, ya kwanta gindin randa, harshe waje, yana haki. Na dube shi cikin wannan tulin gashi na tuna yadda ake yi wa yara ƙwal-kwabo idan zafi ya tsananta, sai na yanke shawarar a aske shi. Malam Almu ya ƙi, ya ce askar da ke taɓa kan liman ba za ta taɓa ɓarawon zabinsa ba. Sai na sayo almakashi da sabuwar reza na yi da kaina. Ya tsaya cak yana kallona da shuɗɗan idanun nan, bai ko motsa ba. Na gama ina jin na yi aikin lada.

Cikin kwana huɗu fatarsa ta yi ja ta soma salewa. Rana ta biyar ya kasa tashi. Na samu mota na ɗauko shi zuwa Dutsin-Ma, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, kansa a kan cinyata. Kafin mu shigo gari ya cika. Likitan dabbobin ya duba shi duk da haka, ya yi mini bayani a hankali: gashin irin wannan kare hawa biyu ne, kuma yadda yake tare sanyi haka yake tare zafin rana, tajewa ake yi, ba a askewa. Ya ce ko ba aski, zafinmu ya fi ƙarfinsa sai da inuwa mai sanyi da ruwa kullum, amma askin ne ya gaggauta. Minti biyar na karatu a waya da ya ishe ni sanin haka. Ban duba ba, don ban yi zaton akwai abin tambaya ba.

Mutane suka ce a ja shi a yar a bayan gari yadda aka saba. Na ƙi. Na haƙa masa rami a gindin tsamiyar gona. Malam Almu ne ya zo ya karɓi cebur da na gaji, ya ƙarasa haƙan.

Saboda haka ina roƙonka, kada ka turo macen. Idan gadi kake so wa Hajiya, zan samo karen gida wajen Fulanin garin Kuki. Idan kuma ka riga ka karɓe ta, ka riƙe ta wurinka in kana da ɗaki mai sanyi da lokacin gudu da ita kullum, in babu ka mayar wa mai ita.

Hajiya tana gaishe ka, ita da Batula da Yaya Hawwa'u. Ka gaida Mardiya, ka shafa mini kan Musaddiq da Jannat. Amana ka ba ni na kasa riƙewa, sannan na ɓoye maka kwana goma sha tara. Ka yafe mini duka biyun. Idan ka karanta ka kira ni, wannan karon zan amsa maka da gaskiya.

Naka yayanka,
Atiku