Kada Ka Sake Yi Mini Rufin Kwano

Ya Baban Zuhura, kanumfarin shayina, inuwar kwakwata, tsohon jirgina mai yoyo wanda ba zan musanya da sabo ba!

Tun da ciwon gwiwa ya zaunar da ni wurin 'yarmu Zuhura a garin Chake Chake, kai kuma ka tare a bakin teku kana gina wa jikoki gidan hutu, abinci ya daina yi mini daɗi. Ina ci dai, har da ƙari, amma ba daɗi. Kewarka tana cika tana janyewa kamar teku, sai dai ita ba ta janyewa da nisa.

To amma me nake ji haka, hasken idona? Maƙwabciyarmu Mwanakombo ta zo duba ni, ta ce ka sa an kawo kwano da ƙusoshi, wai har za ka sare itatuwan kwakwar gaban gida don a riƙa hango ruwa daga gado. Wayyo ni! Teku baƙuwarka ce? Ka sare masu riƙe mana yashi, ita da kanta za ta shigo ta gaishe ka a gadon!

Ka manta ɗakinmu na amarci? Duk gari jinka, kai kaɗai kwano, kana tafiya kana buɗa kafaɗa. Gishirin iskar teku ya yi ta cin ƙusoshin a ɓoye. Ranar da iskar kudu ta taso muna tsakar cin shinkafa da kifi, rufin ya yi mana sallama ya sauka kan awakin liman. Ka ɗaga kai, loma a hannu, ka ce dama ɗakin ya cika zafi. Wallahi a ranar na san ina sonka, don mai hankali ba zai zauna da kai ba sai da so.

Ina roƙonka, sanyin ƙirjina, ja da ginin baya, kan tudu, bayan itatuwa. Dutsen teku da farar ƙasa, jinkar ganyen kwakwa, a ɗaure da igiya, tsatsa ba ta cin igiya. Tagogi su kalli juna iska ta wuce abinta. Ka ga, iska irina ce: ba ta hanya ta shafa ka, tare ta ta tafi da hularka. Dakali kuma a faɗaɗa shi, ni na ƙaru, kai ka ragu.

Wannan ne gidanmu na ƙarshe, Makame mijina. So nake bayan ba mu, jikoki su zauna a ciki su yi ta gulmarmu, ba su tsaya a kan yashi suna nuna inda yake a da ba.

In ka ƙi ji, zan zo duk da haka, in zauna kusa da kai mu jira iska. Amma wannan karon kai za ka je ba liman haƙuri.

Taka har teku ta ƙafe,
Maman Zuhura