Bututun Yaya Harisu

Assalamu alaikum, ƙanwata Sakina. Da watan azumin nan da ya wuce na cika shekara shida da wata huɗu rabona da Buza. Ina fatan wasiƙar nan ta iske ki lafiya, ke da mai gidanki da ɗiyanki. Allah Shi ƙara wa Inna sauƙi, Shi jiƙan Yaya Harisu. Ni nan Abijan ina nan inda kika sani, rumfar gyaran firigo, wato firij. Ƙirjin ne dai ke damuna in an yi ruwa, amma ana lallaɓawa.

Na samu saƙonki. Kin ce yanar idon Inna ta ƙaru, yanzu haske kaɗai take rarrabewa, kuma tana yawan tambaya ko an ƙare na'urar walƙiyar da Yaya ya fara haɗawa don ɗalibansa na lakwal, wato makaranta. Kin ce ya taɓa yi mata alkawarin za ta ga walƙiya a tsakar gidanta ba tare da hadari ba, shi ya sa kike son ki ƙarasa ta, tun da ke ma kimiyya kike koyarwa. Naɗin cikin na'urar, na siririyar waya, Yaya ya gama shi, na waje ne babu, kina tambaya ko wayar sanholo ta kasuwa za ta yi.

Kafin in ba ki amsa, bari in fidda abin da ke cina. Naɗin wajen nan a da akwai shi. Bututun jan ƙarfe ne, mita goma sha biyu ba gaɓa, ni na aika ma Yaya shi. Ranar rabon gado Baba Tanimu, ƙanen mahaifinmu, ya ce dukiyar mamaci ce, kuma babu mai iya yi mata kuɗi, sai ya sa aka kawo zarto aka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowa da rabonsa, kamar naman layya. Na daɗe ina jin haushinsa. Amma in za a faɗi gaskiya, ya kira ni kafin a taɓa kome, ina tsakiyar aiki, na ce mishi su raba duk abin da suka iske yadda shari'a ta ce, kada su dame ni. Bai san abin da yake yankawa ba. Ni na sani, ban tambaya ba. Rabi, matar marigayi, ta sayar ma maƙeri da nata da na ɗiyarta, an yi mundaye. Ban ga laifinta ba, mai marainiya a hannu ba ta ajiyar ƙarfe. Naki da na Inna, da ba ku san ko na mene ne ba, na ji su ma sun tafi wurin maƙerin.

To, batun sanholo. Zai ɗauki kuran, wato wutar lantarki, ba na ce ba zai ɗauka ba. Sai dai fatarsa na yin wani dattin da ido bai gani, maƙalin da za ki riƙa matsawa daga zagaye zuwa zagaye har na'urar ta daidaita ba zai kama shi da kyau ba, wurin ya yi ta zafi. Dalma kuma ba ta kama shi da sauƙi. Wayar baƙin ƙarfe ta ɗaurin shinge, kada ma ki fara, wutar duk a zafi za ta ƙare. Yaya ya taɓa bayyana mini cewa irin wannan kuran mai saurin kai da komo a bayan ƙarfe yake gudu, ba ya shiga ciki, shi ya sa bututu mai rami ya fi siririyar waya, ga shi da daɗin lanƙwasawa. Ki jira jan ƙarfe. Ki bar tazarar yatsa guda tsakanin zagaye da zagaye, kuma kada ki kai hannu sai kin cire kuran kin sauke wutar da ta taru. Ranar gwaji ki zaunar da Inna nesa, bakin ƙofar ɗakinta. Kabari guda ya ishe mu.

Sabon bututu ya fi ƙarfina bana. Mai rumfarmu yana auna ko guntun da ya faɗi ƙasa, amma ba azzalumi ba ne. Da na gaya mishi dalili, ya ce in riƙa ɗaukar ragowar aiki a bakin abincin rana. Zan haɗa guntayen da walda da hannuna, in goge gaɓoɓin, in ba Yusuf direba ya kawo miki. Ki ce ma Inna ta riƙa sa maganin ɗigawar, ta yi mini haƙuri kaɗan. Ni ban san wanda zai riga wani ba, tsakanin bututun nan da idonta.

Ki gaishe da Inna da kyau, da Rabi da ɗiyarta Asiya, da mai gidanki. Ki gaishe da Baba Tanimu, ki ce mishi ban riƙe shi ba.

Abin da na tara zuwa yau, guntaye huɗu ne, mita takwas da rabi. Rabona na gado yana rataye a ɗakin Inna, mita ɗaya da rabi. Goma ke nan. Saura biyu.

Yayanki,
Ɗanasabe