Katakon Fuskar Irmela

Talata, 9 ga Maris, 1926
'Yata Irmela ta rasu yau da hantsi a ɗakin aikinta da ke Dresden, sakamakon ciwon huhu. Shekarunta talatin da ɗaya. Likita ya rufe mata ido, ni kuma na tsayar da agogon bango kamar yadda aka saba in an yi rasuwa. Mahaifiyarta, Ottilie, ta yi kuka. Ni ban yi ba.

Asabar, 13 ga Maris
Bayan jana'iza mun kwashe kayanta. A ƙarƙashin taga na sami katakon da take sassaƙa fuskarta a kai domin ta buga a takarda. Goshi da idanu da hanci sun fito. Bakin kuwa zanen fensir ne kawai. Ottilie ta tsinci babban cokalinmu na miya cikin wuƙaƙen sassaƙa. Ashe da bayansa take goga takarda a kan katako don tawada ta kama. "Ɓarauniya!" in ji ta. "Ni ina can ina zargin mai wanke-wanke!" Ta yi dariya, sannan ta zauna a ƙasa.

Lahadi, 21 ga Maris
Kasimir, abokin sana'arta, ya zo neman izinin buga fuskar domin baje kolinsu na Mayu. Na ƙi. Tawada za ta shafe fensirin, wanda shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya zana. Ya ce, "Farfesa, ba don ya kwanta bayan littattafan Girkancinka ta sassaƙa shi ba." Na ba shi kofi, na raka shi bakin ƙofa.

Alhamis, 25 ga Maris
Tabon girarta yana dama a katakon. A fuskarta kuwa a hagu yake. Daga tsanin ɗakin karatuna ta faɗo tana 'yar shekara shida, ni na ɗauke ta. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana ja wa kurakurai jan layi ba ya iya kau da kai. Da tana nan da ta ce, "Baba, je ka gyara wa matattun Girkawa nahawu, ka bar mini fuskata."
Na nuna wa Ottilie. Ta ce, "Haba, Alwin. A madubi take kallon kanta. In an buga, zai koma inda ka san shi."
Wato fuskar da ke katakon ita ce wadda Irmela take gani. Wadda ni na sani ba za ta fito ba sai da tawada.

Laraba, 7 ga Afrilu
Na share wa katakon ƙura, ba wani abu ba.

Lahadi, 11 ga Afrilu
Na aika aka kira Kasimir, domin in fahimci yadda ake aikin kawai. Ya ce zai iya bin fensirin ya ƙarasa bakin. Na ce a'a. Shi ya shafa tawada, ni na riƙe cokali. "A hankali, Farfesa, ba hukunta ɗalibi kake ba." Da muka ɗaga takardar, tabon ya dawo hagu. Wurin bakin ya fito baƙi ƙirin. Ottilie ta ce ta ji ina yi wa takardar magana. Ban tuna ba. Na yarda a kai ta baje kolin.
Bakin dai ba a sassaƙa shi ba. Cokalin ma ban mayar da shi kicin ba.