Inna Ta Ƙi Barin Kwari

Zuwa ga ƙanena, Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara tsare mana ku. Mu dai da ranmu. Inna lafiya, sai kafaɗar da katako ya buga, ta kusa warkewa.

Labarin girgizar ƙasa ka ji shi a waya, amma waya ba ta kawo ƙara. Muna karin kumallo ƙasa ta yi ruri, ta ɗaga mu ta buga. Katangar tsakar gida ta tsage, rijiya ta yi aman yashi, benen mai kanti ya nutse har taga. Tela maƙwabcinmu bango ne ya danne shi a kan kekensa. Da hannu muka tono shi, ƙafarsa na kan feda. Allah ya jiƙansa. Unguwar kan dutse kuwa, su asarar kofuna kawai suka yi.

To, ga matsalar: Inna ta sa magini ya fara tsince bulo, wai a nan za a sake ginin. Na zaunar da ita na yi mata karatun da nake yi wa ɗalibai. Na ce ɓawon duniya faya-fayai ne, biyu sun haɗu a ƙarƙashinmu suna ture juna, ɗaya na kutsawa ƙarƙashin ɗaya. Wurin karon ya tattare ya zama tsaunukan da muke gani ta taga. Nauyinsu ya danne ƙasar gefe ta lotsa, kamar yadda katifa ke yi in Kawu Dogo ya zauna. Shekaru miliyoyi ruwa na kankare tsaunin yana zuba yashi da laka a ramin, ramin na ƙara nutsewa. Wannan tarin shi ne kwarinmu, ƙasa mai albarkar da marigayi Baba ke fariya da ita. Ba ta da ƙashi, in an girgiza sai ta yi tambal-tambal kamar ruwa a roba.

Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce ƙasar da ta ciyar da mu ba za ta cinye mu ba, kuma tun ina yaro surutu ne sana'ata. Na ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ta ce in miƙo mata buta.

Karon nan bai ƙare ba, Auta, kuma ɗakin da na gyara mata a kan dutse yana nan a share. Ni furfurata ba ta saya mini komai ba a wurinta, kai kuwa ko tari ka yi sai ta ce hikima ce. Ka kira ta kafin magini ya kwaɓa siminti. Kada ka ambaci faya-fayai, kada ka ambace ni. Ka ce kawai ba ka iya barci.

Ka gaida maiɗakinka, da takwarana, da 'yar lelen Inna. Goggo da Kawu Dogo suna gaishe ku.

Naka,
Yayanka, mai surutu