Baffa Ya Zama Sarkin Fawa

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya zafin Damagaram? Mu nan Diguel lafiya, sai ƙafar Inna.

Ka san labaran zanen nan da nake karantawa a waya. Kullum abu ɗaya ne: da jarumi ya samu ƙarfi sai idonsa ya yi ja, ya haukace, ya fara da 'yan gidansu. Har na daina karantawa, na ce ƙarya ta yi yawa.

To, an naɗa Baffa sarkin fawan kasuwarmu. Ran Juma'a Baba ya kira shi da sunansa gaban mahauta, ƙaninsa ne fa. Baffa ya sa aka kwashe teburin Baba aka kai kusa da bola. Da yamma ya aiko a karɓi kason sarki, wai ƙirji yake so. Baba ya yanka ya bayar. Ni ko tuwo na kasa ci. A zane aƙalla ido na ja, mutane su gudu. Baffa murmushi yake.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In ka kira Baffa ka fara da "ranka ya daɗe", kada Baba ya rasa bolar ma.

Ƙanwarka,
Zulai