E, A'a, In Ji Mutanen Ostareliya

Al Nahda, Dubai
Watan Yuni

Abban Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya sanyin da ka ce ya shigo muku? Mu nan lafiya lau, sai zafi, wanda ka san shi ba sai na ba ka labari ba. Nana Firdausi tana gaishe ka, haƙorinta na gaba ya fita.

Kada ka yi mamakin ganin rubutu a takarda. Idan ka kira ina wurin aiki, idan na tashi kai ka yi barci, ɗan lokacin da muke samu ranar Lahadi kuma Nana ce ke ƙwace wayar. Shi ya sa na ce bari in rubuta, in ɗauki hotonsa in turo maka, ko na samu in kai ƙarshen maganata.

Saƙo ya iso. Abokin aikinka Hafiz ya kawo mana har ƙofar gida da ya sauka a nan kan hanyarsa ta zuwa Kano, Allah ya saka masa da alheri. Biskit ɗin nan Tim Tam mun yi masa yadda ka koya mana, aka gutsiri sama aka gutsiri ƙasa, aka tsoma a shayi aka zuƙa. Nana ta ɓata rigar makaranta, ni na ƙona leɓe, amma ya yi daɗi. Shi kuwa baƙin abin nan na kwalba, Vegemite, ni da shi mun raba gari. Ban saurari bayanin da ka turo ta waya har ƙarshe ba, na ɗauka cakulan ne, na lafta shi a burodi na kai baki. Ramlat, 'yar Kumasin nan da muke haya tare, ta ɗanɗana ta ce ai wannan dunƙulen magi ne aka dama da daddawa. Sai daga baya na ji inda ka ce a fara shafa bota, sannan a ɗan goga shi sama-sama. Yanzu dai a miya Ramlat take zuba shi.

To ga abin da ya sa na rubuto. Asibitinmu sun ce kwantiragina zai ƙare a ƙarshen Agusta, suna so in faɗa musu ko zan sabunta. Idan na sa hannu, na ɗaure kaina wasu shekara biyu a ɗakin gwajin jini. Idan ban sa ba, bizata da ta Nana sun faɗi, sai mu tattara kayanmu. Da za ka tafi Ostareliya ka ce bayan shekara guda za ka ɗauke mu, ga shi ta biyu ta yi nisa. Ba ƙorafi nake yi ba. Tambaya ɗaya ce tak: in sa hannu, ko kada in sa?

Ka riƙa saka rigar sanyi. Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Muhsinat

Al Nahda, Dubai
Watan Yuli

Abban Nana,

Sallama da gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Ya murar da na ji a muryarka? Ka samu citta ka dafa, kar ka tsaya jiran ta tafi da kanta. Mu muna nan ƙalau. An ba su Nana hutu, tana wuni wurin maƙwabciyarmu har in dawo.

Na saurari saƙonninka duka, a cikin bas nake jin su, don cunkoson hanyar nan tamu ya ishi mutum ya saurari tarihin duniya. Yanzu na san wombat, dabbar da ka ce kashinta mai kusurwa huɗu ne. Na san tsuntsun da ke tashinku da asuba da ƙyalƙyala dariya. Na san ɗayan mai kama da hankaka, wanda idan lokacin ƙwansa ya yi yake kai wa mutane sara a ka, kuma ba ya manta fuskar wanda ya tsana. Na san idan an gayyace ka biki aka ce ka zo da faranti, ba farantin banza ake nufi ba, da abinci a ciki. Na san idan ka tari tasi kai kaɗai gaba za ka zauna kusa da direba, don zama a baya girman kai ne. Na san burodin da ake barbaɗa wa alewa mai launi-launi a bikin yara, Nana ta sa ni na yi mata har sau biyu. Wallahi a duk Al Nahda babu wadda ta kai ni sanin ƙasar da ba ta taɓa takawa ba.

Na san son dabbobi a jininka yake, ba a banza ka karanci likitancinsu ba, kuma ina jin daɗin yadda muryarka ke washewa idan kana labarinsu. Amma Abban Nana, tambayata fa? A ƙarshen saƙon ka ce ba damuwa, ka ce can haka ake cewa a kan komai. Ni kuwa a nan akwai damuwa. Shugabar sashenmu ta tare ni a ƙofa jiya, na yi mata murmushi na ce insha Allah. Ta ce insha Allah ɗin mutanen Dubai ta gaji da shi.

Akwai kuma abin da na lura da shi, ka yi haƙuri in faɗa. A watanninka na farko cewa kake yi su nan haka suke yi, su nan ba sa jin kunyar shiga kanti ba takalmi. Yanzu ka koma cewa mu nan haka muke yi. Ranar da na fara jin wannan mu ɗin, sai da na mayar da saƙon baya na sake saurara. Ban san ranar da ka shiga cikinsu ba, ban kuma san ko da ni da Nana a cikin mu ɗin ba. Ni dai yadda kake mana bayani, kamar baƙin da za su zo yawon buɗe ido su koma.

Na gaji, ba zan ɓoye maka ba. Na gaji da tashi da duhu, na gaji da amsa wa Innata a waya tambayar yaushe za mu tafi duk ranar Juma'a. Ba labari nake nema a wannan karon ba, amsa nake nema.

Ka gaida abokan zamanka. Allah ya ƙara lafiya.

Taka,
Muhsinat

Al Nahda, Dubai
Ƙarshen Agusta

Abban Nana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da duk wanda ke tare da kai. Ya ƙafar taka? Kada ka tambaye ni wa ya gaya mini.

To, Hafiz ne. Ya sake sauka a nan kan hanyarsa ta komowa wurinku, na kai masa yaji da kilishin da zai taho maka da su a masaukinsa a unguwar Deira. Ya ce kilishi ba zai wuce filin jirginku ba, ƙwacewa za a yi, sai muka zauna muka ci abinmu. Kada ka ga laifinsa, ni na tsare shi da tambaya, shi kuma ba ya iya ƙarya. Ya ce ku huɗu ne a ɗan gida guda, a wani ƙaramin gari mai nisa da birni. Ya ce a mayanka kake wuni a tsaye cikin ɗakin sanyi, har ƙafarka ta fara kumbura. Ya ce takardar izinin da kake zaune da ita ba a daidaita ta ba tukuna, ana ta jira. Na tambaye shi wombat ɗin nan, ya yi dariya ya ce ko shi ko kai babu wanda ya taɓa ganinta ido da ido, wani dattijo ne a wurin aikinku yake ba ku labari lokacin shan shayi. Kangaru kam ya ce kuna gani, galibi waɗanda mota ta buge a gefen titi.

Na fito daga wurinsa na tsaya a bakin ruwa, inda jiragen katako ke lodin kaya, na yi kukana na share hawaye. Na ji haushinka, na kuma ji tausayinka, har yanzu ban san wanne ya fi yawa ba. Ashe duk lokacin da na yi tambaya ka ɗauko mini tsuntsu, kunya ce take hana ka magana. Ni matarka ce, Abban Nana. Da ka faɗa mini tun a Yuni, da na yi barci a Yuli.

Saƙonka na shekaranjiya shi ya ƙarasa aikin. Ka ba mu labarin yadda mutanen can ke amsa tambaya, ka ce idan mutum ya ce maka e, a'a, to a'a yake nufi, idan kuma ya ce a'a, e, to ya yarda. Ka ce duk abin da ya zo a farko ladabi ne kawai, kalmar ƙarshe ake riƙewa. Kana faɗa kana dariya, Nana ma tana ta kwaikwayo. Daga nan ka ce, game da maganar nan, za ku zo mana, da yardar Allah za ku zo, sai dai ba yanzu ba. Na yi yadda ka koya mini, na riƙe ta ƙarshen.

Jiya da safe na sa hannu. Na kuma je makarantar su Nana na ce a bar mata gurbinta. Inna zan gaya mata da kaina ranar Juma'a, na san yadda zan bi da ita. Nana kuwa ban faɗa mata ba, kuma ba zan faɗa ba, wannan aikinka ne. Tun da ka ce mata a can sai an zazzage takalmi kafin a saka saboda gizo-gizo, kullum da safe sai ta zazzage nata a bakin ƙofa, wai tana koyo kafin mu tafi. Ranar Lahadi idan ka kira zan miƙa mata wayar in fita daga ɗakin. Ka gaya mata da Hausa, a miƙe, kada ka sako wata dabba a ciki.

Ka je asibiti a duba ƙafar nan, ka turo mini sunan maganin da suka ba ka. Yajin yana hannun Hafiz, idan sun bar shi ya wuce.

A ƙarshen saƙonka ka yi ƙasa da murya, ka tambaye ni ko zan iya ƙara jira. A'a, Abban Nana. E.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Muhsinat