Na Wanke Tafkin Kawu

Litinin, 5 ga Mayu

Sati biyu ke nan da fara aikina a lambun furanni. Mama ce ta roƙi Kawu ya nema min wurin, wai ko na rage kwanciya da waya. Ban dai rage ba, a tsaye nake dannawa yanzu. Aikina ban ruwa da cika leda da ƙasa.

Kawu shekararsa goma sha tara a nan, Madam ma da ta sayi lambun a ciki ta same shi. Ba ya magana. Ni kuwa Rediyo yake ce min tun ina ƙarama, kuma duk duniya shi kaɗai na yarje wa.

Can ƙarshen lambun akwai tafkin siminti da muke ɗiban ruwa, bai wuce tabarma biyu ba. Kore shar, ga gansakuka, ga bado, ga wasu karare da Kawu ya soka a ciki. Ni dai ƙyama. Shi kuwa kullum da safe sai ya tsuguna a bakinsa kamar mai gaida surukai.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na ɗaga tukunyar fure na ga dodon koɗi, na zabura neman gishiri, Kawu ya riƙe min hannu. Ashe iri biyu ne a wurin. Babban mai zane ruwan ƙasa shi ke cinye dashe, a gwangwani ake tara su a kai bayan katanga. Ƙaramin kuma bai kai ƙwayar wake ba, katantanwarsa kamar gilashi, har ana hango jikinsa ruwan lemo a ciki. Wannan wai 'ya'yan manyan yake ci, ma'aikaci ne da ba ya neman hutu. Na ɗora shi a tafin hannu. Wallahi kamar ɗan kunne. Hoton bai fito ba, kyamarar nan tawa sai addu'a.

Asabar, 10 ga Mayu

Kawu bai zo ba, zazzaɓi. Madam ta wuce ta tafkin ta yatsina fuska, ta ce wannan ƙazantar har yaushe. Na ce a raina yau za a san an ɗauki 'yar aiki.

Na kwashe ruwan tas, na tuge karare da badon, na zuba bilic, ruwan nan mai faranta kaya, na goge da buroshi har farcena ya karye. A cikin lakar ƙasan akwai wasu munanan abubuwa, launin taɓo, ƙafa shida, idanu ƙwala-ƙwala, sun fi talatin. Na share su cikin rana. Kwaɗi kuwa kowa ya kama gabansa.

Na haɗa bidiyo, kafin da bayan. Mutum dubu huɗu sun kalla! Ban taɓa wuce ɗari uku ba. Madam ta ce ni 'yar albarka ce. Allah-Allah nake Kawu ya warke ya gani.

Litinin, 12 ga Mayu

Ya gani.

Ya daɗe a tsaye. Sai ya sunkuya ya tsinci ɗaya daga busassun abubuwan nan a gefen siminti, ya ajiye a tafin hannunsa. Tambaya ɗaya ya yi, da me na wanke. Na ce bilic. Ya gyaɗa kai ya ɗauki bokitinsa.

Wuni guda "ke" yake ce min. Ke, kawo leda. Ke, rufe famfo.

Talata, 13 ga Mayu

Wata mata mai tabarau ta yi min magana a ƙarƙashin bidiyon, a makaranta take koyar da ilimin ƙwari. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, ƙanwata, waɗannan da kika share 'ya'yan mazari ne. Wai a ruwa suke girma, wasu har watanni, kuma 'ya'yan sauro ne abincinsu. Ta turo hoto: mummunan nan a hagu, mazari ja wur a dama, abu ɗaya.

Mazarin da nake bi da gudu ina yarinya. Talatin.

Na gaya wa Mama ina kuka, ta ce garin gyaran gira na tsokane ido. Wannan shi ne lallashin Mama.

Litinin, 19 ga Mayu

Ruwa fari tas, cike da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil. Masu sayen fure sai marin ƙafa suke. Madam ta ce a sayo magani a zuba, Kawu ya ce da ruwan muke shayar da dashe, a ba shi wata ɗaya. Ta ce wata ɗaya, in sauro bai ragu ba za ta sa a cike ramin da yashi ta kawo tankin roba.

Shi ya gina tafkin da hannunsa, shekarar da aka haife ni. Yau na ji wannan, a bakin direban Madam.

Laraba, 21 ga Mayu

Na durƙusa na ce Kawu ku yi haƙuri. Ya ce, "Ai ba ni kika wanke ba." Shi ke nan.

Sau uku ya sa na cika tafkin na zubar, don ragowar bilic.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ƙafafuna ba nawa ba ne. Tun safe ya zo gida da bokiti biyu ya ce wa Mama a ba shi aron yarinyar nan. Rafi muka tafi ɗebo laka, wai a cikin laka rai yake.

Wurin farko da muka samu na ce ga kwaɗi nan birjik, mu ɗiba. Ya ce wane iri. Na ce masu kaushin baya. Ya ce wannan ko a kwata zai zauna, ba a tambayarsa labarin ruwa. Muka ƙara gaba har inda bishiyoyi suka yi inuwa, ciyawa ta sauka cikin ruwa. Ya tsaya ya ce akwai masu tashi? Na ce ga mazari nan kan ciyawa, gabanmu fa. Ya ce fiffikensu a buɗe ko a naɗe?

A nan na gane. Taku uku ne tsakani, kuma Kawu ba ya ganinsu. Na kalli idonsa da kyau, akwai fari-fari a ciki. Ban ce komai ba. Ni! Ban ce komai ba.

Na tsuguna na duba masa, ashe iri biyu ne. Mai kauri in ya sauka fiffikensa a shimfiɗe yake kamar jirgi, idanunsa manya a manne da juna. Ɗayan kuma siriri kamar allura, shuɗi, ya naɗe fiffiken a bayansa kamar mai kunya, idanunsa ɗaya can ɗaya can. Kawu ya ce inda sirirai da masu kauri suka taru, ga ciyawa ga inuwa, nan za mu ɗiba. Ya lalubo laka da hannu ya miƙo min, sai ga munanan nan uku suna motsi. Ban taɓa murnar ganin mummuna haka ba.

Mun kawo bado da karare ma. Rigata ta tashi daga aiki.

Talata, 3 ga Yuni

Baƙi! Wani ɗan kwaɗo a kan ganyen bado, bai fi farcen babban yatsa ba, kore kamar an fenta, yatsunsa da 'yan dunƙule a baki, da su yake manne wa ganye. Mai tabarau ta ce irin na cikin ciyawar ruwa ne. Masu kaushin baya ma sun dawo, sun saka ƙwai dogo kamar sarƙa, baƙi-baƙi.

Wani mazari yana ta tsoma wutsiya a ruwa yana tashi. Na ce Kawu wannan wanka yake? Ya ce mace ce, ƙwai take zubawa. Saura kaɗan ya yi dariya. Amma har yanzu "ke".

Laraba, 11 ga Yuni

Na goge bidiyon. Ya kai dubu tara. Wayar ce ta cika.

Alhamis, 19 ga Yuni

Yau watan ya cika. Ƙarfe shida na iso, na same shi a tsugune. A jikin kara ɗaya, sama da ruwa kaɗan, mummuna ɗaya ya hau ya ƙanƙame, bayansa ya tsage. Na ce Kawu, yana fitowa. Ya matso da fuskarsa har kusa, ya ja baya, ya ce, "To Rediyo, ba ni labari."

Na ba shi. Kan mazarin ya fito, ya lanƙwasa baya kamar zai faɗa ruwa. Ya huta. Ya kama saɓarsa da ƙafafu ya zaro wutsiya. Fiffiken a cukurkuɗe kamar tsumma, a hankali suna miƙewa, suna miƙewa, har suka zama gilashi. Fiye da awa ɗaya bakina bai rufu ba, kuma ko sau ɗaya bai ce na yi shiru ba.

Madam ta zo wajen tara. Kafin Kawu ya buɗe baki na ɗebo ruwa a kofi na ɗaga mata a haske, ɗan sauro ɗaya tal, na sake ɗiba, babu. Na nuna mata saɓa huɗu a jikin karare. Ta ce har yanzu dai wurin ba kyan gani. Ta tsaya kallon ɗan kwaɗon nan ya fi minti biyar, sannan ta tafi, ba ta ambaci yashi ba.

Mai tabarau ta ce ina bidiyon fitowar. Babu. Hannuna ne da laka, kuma wayar tana can cikin jaka.

Na gaya wa Mama maganar idon, Asabar za mu kai shi a duba. Gobe ma shida zan je. Ba don komai ba, akwai wani da na ga ya fara leƙo kan kara, kuma Kawu ba zai gan shi ba.